Hayaƙin Gidan Fazliddin

Shekara talatin da ɗaya ina gini a ƙauyukan da ke kewayen Kulob, ban taɓa ɗora gida mai kyan na Fazliddin ba. Sunana Nazarali, amma yaro da babba Usto suke ce mini, kamar yadda ake ce wa kowane magini. Abin da zan faɗa a nan ba ji na yi a bakin wani ba. Da hannuna aka yi shi.

Fazliddin ɗan auta ne, don haka mahaifiyarsa, Inna Sabzagul, a hannunsa take. Wata tara yana Rasha yana aikin titi, wata uku na hunturu yana gida. Matarsa Shahribonu ce, suna da 'ya ɗaya, Mehrona. Filin da ya samu a jikin tudu yake, gida uku tsakaninsa da nawa. Da muka yanki tudun sai muka fitar da ɗaki ɗaya a ƙarƙashin ginin, na ajiye dankali da albasa da kwalaben tumatir. Bayansa da gefe biyu duk cikin ƙasa suke. Bangon gaba kaɗai ke kallon tsakar gida.

Ranar gayyar zuba harsashi maza arba'in suka zo, Shahribonu ita kaɗai ta dafa musu osh, shinkafa buhu guda da karas da naman rago. Bayan an watse, ita ce mai shayar da siminti safe da yamma, bokiti biyu-biyu daga rafi. Ita ta tankaɗe yashin filasta. Ban taɓa samun lebura irinta ba, kuma ba a taɓa kiranta lebura ba.

Wata rana da ta kawo mana shayi, ta tsaya har yaran aikina suka matsa, sannan ta ce, "Kawu Usto, ni ina nawa wurin?"

Na ɗauki tsinke na zana mata a ƙasa, can kusurwar tsakar gida. Nan murhu, nan tanderu, nan ƙofa.

"Tagar ta kalli gabas," ta ce. "Ina so in riƙa ganin hannuna in ina yanka karas."

Fazliddin ya iso yana dariya. "Usto, kada ta cika ka da tsari. A gama babban gini tukuna. Ɗakin girki ai aikin mako ɗaya ne."

Suka tare a ƙarshen kaka, fenti bai gama bushewa ba. Washegari Shahribonu ta jera duwatsu uku a tsakar gida za ta hura wuta. Inna Sabzagul ta fito daga baranda tana ɗaure kallabi. Kelin take ce mata, wato matar ɗa, kamar yadda ake yi a wajenmu.

"Kelin, me nake gani haka? Bangon da ɗana ya yi shekara shida yana cin sanyin Rasha a kansa za ki mayar gindin tukunya? Ki sauka ƙasa kafin a gina naki."

Ni aka kira na kafa murhun ƙarfe a ɗakin dankalin. Babu inda bututu zai fita sai wani ɗan ramin shan iska da na bari a bayan matakala, daidai da ƙasa. Dole bututun ya kwanta. Hayaƙi ba ya tafiya a kwance, duk wanda ya taɓa riƙe cokalin gini ya san haka. Na faɗa wa Fazliddin.

"Hunturu ɗaya ne, Usto," ya ce. "Da bazara a gina."

Da bazara ya koma Rasha. Saƙon da ya aiko shi ne a shimfiɗa tayil a tsakar gida, a manna duwatsun ado a bangon gaba. Na shimfiɗa, na manna. Bayan tayil kuwa, ko a tsakiyar zafi ba wanda zai yarda a hura wuta a waje.

Hunturu na biyu ya dawo da hoton wata ƙofar ƙarfe a wayarsa, mai kan zaki biyu da fitila a sama. Muna zaune a ɗakin baƙi, ƙafafunmu a miƙe a kan sabuwar darduma, na ce masa, "Fazliddin, ɗakin girkin nan fa?"

"Wa ya taɓa wucewa a titi ya ce kai, ga gida mai ɗakin girki? Ƙofa ake gani, Usto. Ɗan Kawu Davlat da bai kai ni zuwa Rasha ba ya sa tasa tun bara. So kake a ce ni na ci kuɗina a can?"

"Ƙofar ba ta tari."

Ya ƙyalƙyale da dariya har ya buga gwiwata. "Kai dai ba ka rabo da magana. Sha shayinka ya huce."

A lokacin aikin ƙofar ne na fara sauka ɗakin tun bayan da na kafa murhun. Matakala ɗaya ta tsage, aka ce in gyara. Tun daga ta uku idona ya fara ruwa. Wutar lantarki a hunturu awa biyu take zuwa da safe, biyu da yamma, don haka ƙwan da ke rataye a mace yake. Silin da na shafe da hannuna fari fat ya koma kamar bayan kasko. Shahribonu na tsugune gaban murhu tana tura karan auduga da busasshen kashin shanu, ta naɗe hancinta da gefen kallabi. Hayaƙin ya taru a sama, ya sauko har daidai kafaɗar mai tsayuwa. Shi ya sa take komai a tsugune.

"Kawu Usto, ku durƙusa," ta ce. "Ƙasa-ƙasa ya fi sauƙi."

"Kullum haka yake?"

"In iska ta juyo ya fi haka."

"Ki bar ƙofar a buɗe mana."

"Inna ta ce yana hawa sama ya shiga labule."

Ta faɗa tana murmushi, sai tari ya katse ta. Na gyara matakalar cikin sauri na fita. Da na koma gida matata Mohbegim ta ce rigata na warin ƙauri, ta rataye ta a waje. Ni minti ashirin na yi a ciki.

Da yake babu tanderu a sabon gidan, a namu Shahribonu take gasa gurasa duk bayan kwana uku. Mohbegim ce ke kawo mini labarinta. Ta ce da can da gudu take shigowa da kwanon ƙullu a ka, yanzu sai ta huta sau biyu a tsakanin gida uku. Ta ce in ta tofa, baƙi ne.

Shekara ta uku Fazliddin ya dawo da mota. Mota kuwa ba ta kwana cikin dusar ƙanƙara. Ya zagaya tsakar gida da ni, ya tsaya a kusurwar da na yi wa Shahribonu zane.

"Nan za a yi rumfar."

"Nan ne ɗakin girki."

"To motar a kaina zan ɗora ta?"

Na ce masa na ji, amma ya bar ni in fasa taga a bangon gaba na ɗakin ƙasa, in ɗaga bututun a tsaye ya bi bango ya wuce kwano. Ya tsaya yana kallon bangon kamar na ce a yanka masa yatsa.

"Cikin duwatsun adon? Ƙarƙashin tagar ɗakin baƙi? Baƙin bututu ya raba mini gida biyu? Usto, kai ka manna su fa."

Inna Sabzagul tana baranda tana jan carbi. "Ni shekara arba'in na yi ina girki cikin hayaƙi, ga ni da raina. 'Yan yanzu ko turare aka kunna sai su ce ƙirji."

"Inna, naku ɗakin girkin ni na rushe shi," na ce. "Rabin rufinsa a buɗe yake."

"Kai aka ɗauka gini ko alƙalanci?"

Ranar da muka zuba simintin rumfar, Shahribonu ce ta ɗebo ruwan. Ta ajiye bokiti a daidai inda tagar za ta kasance, ta juya ba ta dubi kowa ba.

Kada in zalunci Fazliddin, ya yi kicin. A sama ya yi shi, kusa da ɗakin baƙi, da fararen kabad masu sheƙi da murhun lantarki mai gilashi. Ni na kafa su. Sai dai a hunturu babu wutar da za ta tafasa ko ƙwai, da bazara kuma Inna Sabzagul ta ce mai zai fantsama a kabad. Ta jera kofunan aurenta a ciki, ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin kallabi. In baƙi mata sun zo takan buɗe musu, su shafa, su yaba, ta sake kullewa. Sannan a leƙa matakala a ce, "Kelin, miyar fa?"

Baƙi kuwa ba sa yankewa. Gida ya yi suna, kowa na son ya gani da idonsa, kuma duk wanda ya zo sai ya ci. Gwargwadon yadda gidan ke ƙara kyau, gwargwadon yadda take daɗewa a ƙasa.

Da bazarar shekara ta huɗu, Fazliddin na Rasha, Inna Sabzagul ta tafi biki ƙauyen 'yarta na kwana biyu. Shahribonu ta zo gidanmu ba ƙullu a kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa har numfashinta ya dawo.

"Kawu Usto, babu kowa yau da gobe. Ku zo ku fasa. In sun dawo ni zan ce na sa ku. Su yi mini duk abin da za su yi."

"'Yata, bangon mutum ba a taɓa shi sai da izininsa."

"Yashin da ke jikin bangon ni na tankaɗe."

Na ce bari in kira Fazliddin. Na kira, ya ɗauka cikin ƙarar injuna.

"Usto, ni ina nan ina haɗiyar hayaƙin kwalta don su, ita kuma na miya ya dame ta? Ka jira in dawo. Wanda ya taɓa mini bango ba ni ba shi."

Na kashe wayar. A wannan lokacin ina tsakiyar ginin gidan yayansa, kuma kawunsa ya yi mini maganar nasa. Wannan ma yana cikin abin da na auna, ba zan ɓoye ba. Shahribonu ta ce, "Ba komai, Kawu. Allah ya saka." Ta tafi a hankali tana dafa katanga.

Mohbegim ta ajiye mini abinci ba ta zauna ba. "Guduma uku gare ka a gidan nan," ta ce. "Ban ga amfanin ko ɗaya ba."

Da hunturu aka yi walimar kammala gida. Maza sun cika ɗakin baƙi ana kallon fitilar da ta sauko daga silin kamar inabi. Ina cikinsu, ana nuna ni ana cewa ga Uston. Sai muka ji ƙarar faranti a waje. Shahribonu ce ta faɗi a kan matakala da tiren osh, leɓɓanta sun yi shuɗi. Fazliddin ya sa ta a mota ya kai ta asibitin birni. Ya rikice ƙwarai. Na ce a raina, to yau dai magana ta ƙare.

Bayan kwana biyar na je dubiya. Fazliddin ya tare ni a rumfar mota.

"Ka ji likitan nan, Usto? Wai tambayarta yake karan taba nawa take sha a rana. Matata. Ya ce huhunta kamar na tsohon da ya shekara arba'in yana shan taba."

"Me ya ce a yi?"

"Ya rubuta magani, na sayo duka, har da na shaƙa. Ya ce a nisanta ta da hayaƙi. To su likitoci ai haka suke, kowa su ce masa ya bar wani abu."

"In ɗauko guduma?"

"Yanzu, cikin ƙanƙara? Siminti ba zai kama ba. Bari rana ta fito."

Siminti zai kama in an san yadda ake yi. Shi ma ya sani, a titi yake aiki.

Inna Sabzagul kuwa wata fassara ta yi wa maganar likita. Ta ce ciwon ƙirji ne na gado, wata gwaggon Shahribonu ma da tari ta mutu, an dai ɓoye musu ne lokacin aure. Ta ware mata kofi da kwano, ta ɗaura musu jan zare. Ta hana Mehrona kwana kusa da uwarta. Daga baya ta ce tarin na hana mutane barci, kuma ƙasa ya fi ɗumi tunda murhu na can. Aka sauko mata da katifa, aka shimfiɗa tsakanin buhunan dankali. Girki dai ba a ware mata shi ba. Hannun da ba a yarda ya taɓa kofin kowa ba, shi ke dafa abin da kowa ke ci.

Na tare Fazliddin a kan wannan bayan sallar Juma'a. Bai yi fushi ba, ƙasa ya duba.

"Usto, uwata ce. In na ce mata a'a a gaban kelin, ina zan sa fuskata? Na ɗan lokaci ne. Bana zan tara na ɗakin girkin, wallahi. Har fili na gani a bayan gida."

Bayan gidan tudu ne. Ni na yanke shi.

Ya koma Rasha. Bayan wata biyu, ranar wata Talata, Shahribonu ta kasa hawa matakalar. Mehrona ce ta zo da kuka ta kira Mohbegim. Matata ba ta shawarci kowa ba, ni ma ba ta shawarce ni ba, ta kira yayan Shahribonu a waya. Da la'asar ya iso daga ƙauyensu na kan dutse. Ya sauka ɗakin, ya fito da ƙanwarsa a bayansa kamar yarinya. Inna Sabzagul ta bi shi har ƙofar mai zakuna.

"Ta je ta huta, mu ma mun so haka. Amma yarinya ta gidan ubanta ce, ba inda za ta."

Shahribonu ta so ta yi magana, numfashin bai isa ba. Motar ta tafi, Mehrona na riƙe a hannun kakarta.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, aka buga mini ƙofa. Inna Sabzagul ce da kanta, idanunta jawur, hawaye na bin kuncinta, gefen kallabinta duk toka.

"Usto, wane irin rami ka gina wa mutane? Kashe ni kake son yi? Ɗauko kayanka."

"Sai da izinin mai gida, Inna."

Ta miƙo mini waya, Fazliddin na kai.

"Usto, don Allah ka fasa duk inda ta ce. Uwa ɗaya gare ni."

"Duwatsun adon fa?"

"Dutse ne kawai."

Na fara bayan azahar. Na cire duwatsu shida, na fasa bulo, na sa firam ɗin wata tsohuwar taga da ke jingine a gidana, na ɗaga bututu ya wuce kwano. Da aka kira la'asar ina wanke cokali. Inna Sabzagul ta hura wuta don gwaji, hayaƙin ya miƙe sama tsaf, ko ɗigo bai dawo ba. Ta ce, "To, ka ga yanzu mutum zai iya zama." Ta kawo mini shayi da alewa.

Da ƙarshen bazara muka hau ƙauyen su Shahribonu ni da Mohbegim. Mun tarar da Shahribonu a kan gadon katako a gindin bishiyar tuffa, an jingina ta da matashi uku don ba ta iya kwanciya. Wuyan hannunta bai fi kaurin ƙotar cokalina ba. Magana ɗaya sai hutu.

Ta tambayi Mehrona. Mohbegim ta ce tana lafiya, ta yi tsawo. Ta tambaya ko an fara sa ta girki. Matata ta dube ni, sannan ta ce an fara, ita ke dafa shayin safe da miyar rana, kakarta na zaune tana nuna mata.

Shahribonu ta rufe ido. "A ƙasa?"

"A ƙasa," na ce. "Amma an fasa taga. An ɗaga bututun."

"Yana ja?"

"Yana ja sosai."

Na zaci tambayata za ta yi wa ya ba da izini, da kuma kwana nawa aikin ya ci. Na shirya in faɗa mata gaskiya in ta tambaya. Ba ta tambaya ba.

"Na gode, Kawu Usto," ta ce. "Abin da ke hana ni barci ke nan. Shekararta tara."

Da zagina ta yi da na fi samun inda zan ajiye shi.

Ta rasu kafin a fara tsintar auduga. Fazliddin ya hawo jirgi ya zo, ya yi kuka a maƙabarta, kukan gaske, sai da aka riƙe shi. Zaman makoki a gidansa aka yi, don ya fi ɗaukar jama'a. Aka ce ciwon ƙirji ne, na gado, Allah ya ji ƙanta. Liman ya ce ta rayu cikin rufin asiri, a gidan da kowace mace za ta yi fata. Ina zaune a wurin, ban ce uffan ba, kamar yadda na saba.

Da aka shafa addu'a, wani baƙo daga ƙauyen gaba, shi ma mai zuwa aiki Rasha, ya matso kusa da ni yana rage murya.

"Kai ne Uston gidan nan? Irinsa nake so, komai da komai. Filina ma a jikin tudu yake."

"Iyalinka a ina za su yi girki?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi inda kajinsa za su kwana. "Ai ba za a rasa wani lungu ba. Ni dai ka faɗa mini inda aka sayo ƙofar."

Na ce masa ya nemi wani magini.

Kafin mako ya zagayo ya samu. Wani yarona ne ma, wanda na koya wa aiki, hannunsa na da kyau. Jiya na ji an ce sun kai linta.